Me ya sa maganar Hausa ta fi ta Turanci tsaya mini a rai?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, ni da matata duk mun yi boko, a gida kuma gauraya Hausa da Turanci muke yi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, in muka yi saɓani da Turanci, ko me ta faɗa, kafin gari ya waye na manta. Amma ranar da ta ce mini 'ka ba ni kunya' da Hausa, sai da na yi mako guda ban dawo daidai ba. Sannan ina iya gaya mata ina son ta da Turanci ko a gaban yara ne, amma da Hausa sai bakina ya yi nauyi, har ta fara cewa wanda nake faɗa da Turancin ba daga zuciya yake fitowa ba. Shin da gaskiyarta? Harshe ne ke canza abin da mutum yake ji, ko ni ne nake da matsala? Kuma yaranmu da Turanci ya fi zama a bakinsu, da wane harshe ya kamata mu riƙa yi musu magana?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, in na fahimce ka da kyau, kana son sanin dalilin da ya sa magana ɗaya take da nauyi biyu gwargwadon harshen da aka faɗe ta da shi, da kuma ko sauƙin da kake samu a Turanci alama ce ta cewa abin bai kai zuci ba. Sai kuma batun yara. Bari in fara kwantar maka da hankali: lafiyarka ƙalau, kuma abin da ka kwatanta sananne ne ga duk mai rayuwa da harshe fiye da ɗaya. Sai dai ita ma uwargida ba a banza ta ji abin da ta ji ba. Akwai inda ta yi daidai, akwai inda ta ɗora maka laifin da ba naka ba, kuma zan rarrabe maka su.

Aikina shi ne zama da mutanen da damuwa ta yi wa katutu, da ma'auratan da zama ya fara yi wa tsami. Akasarin masu zuwa wurina Hausa da Turanci suke yi, wasu har da Fulatanci ko Kanuri, don haka kusan kullum ina kallon abin da ka tambaya yana faruwa a gabana.

Inda kalma take samo zafinta

Ɗan Adam yana jin harshe tun kafin ya san ma'anar ko kalma ɗaya. Kunnen jariri yana fara aiki tun yana ciki, a watannin ƙarshe, kuma abin da ke iso masa shi ne amon magana, hawa da saukar muryar uwarsa. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa a Faransa sun nuna cewa jarirai 'yan kwana huɗu suna bambanta Faransanci da Rashanci, tsotsonsu yana ƙaruwa in suka ji harshen iyayensu. A 2009 kuma masu bincike a jami'ar Würzburg ta Jamus suka naɗi kukan jarirai 60 da ba su yi mako da haihuwa ba, 30 na Faransawa, 30 na Jamusawa. Kukan 'ya'yan Faransawa ya fi hawa sama zuwa ƙarshensa, na Jamusawa ya fi sauka, daidai da yadda iyayen kowanne ke furta magana. Anne Fernald ta jami'ar Stanford kuwa, a 1993, jarirai 'yan wata biyar ta sa wa muryar yabo da muryar hani cikin Jamusanci da Italiyanci, harsunan da ba a yi a gidajensu. Yabon ya sa su murmushi, hanin ya sa su ɓata fuska.

Yanzu tuna yadda Hausa ta shige ka. Ba wanda ya zaunar da kai ya yi maka bayanin "kul!" Hannu ka miƙa wajen murhu aka daka maka tsawa, gabanka ya faɗi, kalmar da faɗuwar gaban suka shiga tare. "Yi shiru, ɗan albarka" ta shiga ne kana goye ana jijjiga ka. "Ba ka da kunya?" kuwa daga bakin wanda rayuwarka duka take hannunsa ka fara jin ta, wataƙila a gaban baƙi, kana sunkuye da kai kana fatan ƙasa ta tsage. Turanci, ga yawancinmu, a aji ya same mu, mun riga mun yi wayo, ya zo da alli da ƙamus da jarrabawa. Mun san ma'anar kalmominsa sarai, amma ba su shigo mana tare da tsoro ko rarrashi ba. Shi ya sa Bahaushe zai ji an zage shi da Turanci a hanya ya yi dariya ya wuce, amma a yi masa daƙuwa a ambaci uwarsa, sai an rirriƙe shi.

An auna wannan a jikin mutane, kuma binciken kamar don wasiƙarka aka yi shi. A 2003 Catherine Harris ta jami'ar Boston da abokan aikinta suka tara Turkawa 32 da suka zo Amurka bayan sun girma, masu jin Turanci sosai. Aka maƙala musu na'ura a yatsu mai auna ɗan gumin da fata ke fitarwa in gaban mutum ya faɗi, gumin da shi kansa ba ya sanin ya fito. Aka riƙa karanta musu kalmomi iri-iri da Turkanci da Turanci: na yau da kullum, na batsa da zagi, da irin faɗan da ake yi wa yara, kamar "ba ka jin kunya?" Jikinsu ya fi amsawa ga zagin Turkanci, amma inda tazarar ta fi fitowa fili shi ne faɗan yara. Manyan mutane ne masu ilimi, sun san gwaji ake yi, duk da haka fatarsu ta amsa tsawar da aka yi musu shekaru da yawa baya. Da Harris ta sake gwajin da masu jin Sifaniyanci da Turanci a 2004, waɗanda suka tashi da harsunan biyu tun suna ƙanana ba su nuna wannan tazarar ba. Ka ga ke nan abin ba a jini yake ba, ba kuma don wani harshe ya fi wani zafi a halittarsa ba ne. Inda ka koyi kalma, da halin da kake ciki lokacin da ka koye ta, su ne suke ba ta nauyinta.

Mu ma muna da shaida a gida, wato Larabci. Yawancin Hausawa ba za su iya cinikin tumatir da Larabci ba, amma mota ta ƙwace wa direba, abin da zai fara fita daga bakin fasinja shi ne "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Je masallaci a goman ƙarshe na azumi ka ga dattijon da ba zai iya fassara maka ayar da liman ke karantawa ba, gemunsa ya jiƙe da hawaye. Baya ga abin da imani ke yi wa zuciya, waɗannan lafuzza tun yana ɗan shekara huɗu ko biyar suka shige shi a makarantar allo, ya ji su ranar suna, ya ji su a bakin kabarin mahaifinsa. Harshen uwa da harshen da aka yi rayuwa a cikinsa ba dole su zama ɗaya ba.

Ƙwaƙwalwa ma ba wuri ɗaya take ajiye irin waɗannan kalmomi da sauran magana ba. A 1861 likita Paul Broca a birnin Faris ya ba da labarin wani majinyaci, Leborgne, wanda ciwo ya taɓa masa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa har ba ya iya cewa komai sai "tan", amma in ransa ya ɓaci sai ashar ta fito cikakkiya. Na sha ganin irin haka ga dattawan da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Ka nuna masa kofi ya kasa faɗin sunansa, amma ya kawo Fatiha daga farko har ƙarshe, ko ya ce "Subhanallahi" in aka fama masa ciwo. Wasu iyalan sukan ɗauka da gangan yake ƙin magana, sai an yi musu bayani.

Nauyin baki a kan maganar so

Jean-Marc Dewaele na kwalejin Birkbeck a Landan ya tambayi mutum 1,459 masu jin harsuna da yawa, a wane harshe kalmar "ina son ki" ta fi yi musu nauyi. Ya fitar da sakamakon a 2008. Kusan rabinsu sun ce a harshensu na farko, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce daidai take a na farkon da wani daban, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma suka ce a harshen da suka koya daga baya. Kai da uwargida, bisa ga wasiƙarka, kuna cikin rukunin farko.

Amma a wurin Bahaushe akwai nauyi na biyu da ya hau kan wannan, shi ne kunya. Ina kyautata zaton ba ka taɓa jin mahaifinka ya ce wa mahaifiyarka yana son ta ba, kuma ba ka taɓa shakkar cewa akwai ƙauna a gidan ba. A cefane ka gan ta, da atamfar sallah, da tsarabar da ake warewa a ce wannan ta uwar ɗaki ce, da "sannu da aiki" in an sauke tukunya. Mun tashi a gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alhali da za a tsaga zuciyarta shi za a fara gani. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam, sai maigida, sai Baban wane. A irin wannan tarbiyya, gwargwadon girman abu a ranka, gwargwadon yadda kake sakaya shi. "Ina son ki" da Hausa tana da wurinta, amma wurin nan ƙofar gida ce da dare, bakin saurayi a wajen zance, ko littattafan soyayya da fina-finai. In magidanci mai 'ya'ya ya buɗe baki zai faɗe ta a tsakar gida, sai ya ji kamar iyayensa na tsaye suna kallonsa. Turanci ba ya ɗauke da idon iyaye, shi ya sa ta nan maganar ta samu hanyar fita.

Don haka inda uwargida ta yi kuskure shi ne cewa ba daga zuciya take fitowa ba. Daga zuciya take. Mutumin da ba ya so, bakinsa ba ya nauyi a kowane harshe; mayaudari ai da Hausa tsantsa yake zuba kalamai ba ko gargada. Nauyin da kake ji shi kansa shaida ne cewa maganar tana da girma a wurinka.

Inda ta yi daidai kuma shi ne, kunnenta ma da Hausa aka rene shi. Abin da ya sa kalmar ta yi maka sauƙin faɗa da Turanci, shi ne dai ya sa take isa wurinta ba nauyi. Ta ji ta a fim, ta gan ta a jikin katin gaisuwa, ta ji ƙawaye na faɗa wa juna ita a waya. Sannan mace tana lura da abin da ya yi wa mijinta tsada. Ta san ta Turancin ba ta ci maka komai ba, ta Hausar kuwa sai ka haɗiye wani abu kafin ta fito, ita kuma wadda aka sha wuya a kanta take so. Ni ban ga laifinta a nan ba ko kaɗan.

Shawarata ita ce ka ba ta, kuma ba sai a gaban yara ba. Kunyar da ke tsakaninka da 'ya'yanka abu ne mai kyau, ka bar ta a wurinta. Amma in kun keɓe, babu surukin da ke kallon ku. Kuma ba dole ka fara da jimlar da ta fi yi maka nauyi ba. Na ga magidanta da yawa sun fara da "hankalina yana kwanciya in na dawo na same ki", ko "na gode da haƙurin da kike yi da ni", ko "Allah ya bar mu tare." Wasu saƙon waya suke fara rubutawa suna ofis, daga baya su yi na murya, kafin baki ya saba. In kuwa zuciyarka na raya maka cewa wannan zubar da girma ne, ka tuna Amru ɗan As ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi so a cikin mutane, ya amsa masa a fili cewa A'isha. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Nauyin bakin nan namu na al'ada ne, addini bai ɗora mana shi ba.

Tazarar da harshe na biyu ke bayarwa

Yanzu sai faɗan da kake mantawa kafin gari ya waye. Harshen da aka koya daga baya yana sa tazara tsakanin mutum da abin da yake ji, kuma wannan tazara har hukuncin da mutum ke yankewa tana taɓawa. A 2012 Boaz Keysar da ɗalibansa a jami'ar Chicago sun gano cewa tsoron asara yana raguwa in aka gabatar wa mutum da zaɓi cikin baƙon harshe. A 2014 Albert Costa na Barcelona tare da su Keysar suka yi wa mutane wata tambaya mai wuya: jirgin ƙasa ya ƙwace zai take mutum biyar, kana kan gada, kusa da kai akwai wani ƙaton mutum, in ka tura shi ya faɗa kan hanyar jirgin zai mutu amma biyar ɗin za su tsira, za ka tura shi? A zagayen da aka yi da masu Sifaniyanci da masu Turanci, kashi 18 cikin ɗari ne suka ce za su tura in an tambaye su da harshensu. Da baƙon harshe kuwa, kashi 44. Tambaya ɗaya ce, lissafi ɗaya, amma ƙyamar kisa da hannu ta fi tasowa in da harshen gida aka yi maganar.

Wannan tazara tana da amfani, kuma ina cin moriyarta a aikina. Kamar tsumman da ake kama tukunya mai zafi da shi ne. Matar da aka ci wa zarafi tana ƙarama, ko magidancin da ya rasa kuzarinsa na aure, ko wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙanjamau, da yawansu ba za su iya buɗe maganar da Hausa ba, don kalmomin sun yi tsirara da yawa. Da Turanci suke farawa, tiryan-tiryan kamar masu karanta rahoto, ni kuma ba na hana su. Abin da nake saurare shi ne inda harshen zai juya. Sau da yawa daidai wurin da za a faɗi abin da uwa ta ce, ko abin da miji ya faɗa ranar, sai Hausa ta shigo, murya ta karye. A nan ciwon yake, kuma daga nan aikin gaske yake farawa. Likitoci sun daɗe da lura da haka. Tun a 1950 Ralph Greenson a Amurka ya rubuta labarin wata majinyaciyarsa mai jin Jamusanci da Turanci da take gudun yin Jamusanci a gabansa, domin a cikinsa ji take ta koma ƙaramar yarinya mai tsoro, a Turanci kuwa babbar mace ce mai kamun kai. A shekarar 2000 kuma Viorica Marian da Ulric Neisser suka nuna cewa Rashawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun fi tuno abubuwan zamansu na Rasha in da Rashanci ake hira da su, na zaman Amurka kuma in da Turanci ne. Harshen da ake magana da shi yana janyo tunanin zamanin da aka yi rayuwa a cikinsa.

To amma akwai haɗari, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi wa kanka tambaya. Ka ce ko me ta faɗa da Turanci kana mantawa. Kai me kake faɗa mata da Turancin? Ita ma tana mantawa? Na zauna da ma'aurata masu ilimi da suka jefi juna da kalmomin da ko a mafarki ba za su furta da Hausa ba, don a bakinsu ba su ji nauyinsu ba, amma wanda aka jefa ya fassara su a ransa ya ajiye. Mafi muni shi ne maganar rabuwa. A fikihu saki ba ya tambayar harshe, in lafazin ya fito ɓaro-ɓaro malamai suna ƙirga shi, da Turanci aka yi ko da Faransanci. Hukuncin kowane lafazi wurin malamai ake nemansa, ni abin da nake ja maka kunne a kai shi ne, kada rashin nauyin kalma a bakinka ya sa ka ɗauka ba ta da nauyi a waje. Sannan faɗan da aka manta da safe ba lallai an warware shi ba. Wani lokaci gefe kawai aka tura shi, sai ya taru ya fito rana ɗaya cikin jimla guda ta Hausa, irin wadda ta kwantar da kai mako guda.

Ga yadda nake shawartar masu irin gidanku. Maganar kuɗi, kuɗin makaranta, gini, wa za a taimaka wa a dangi wannan watan, in kun ga tana yawan kai ku ga hayaniya, ba laifi ku yi ta da Turanci tunda ku biyun kuna jin sa daidai. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci. A gidan da miji ya yi boko matar ba ta yi nisa ba, juyawa zuwa Turanci a tsakiyar faɗa raini ne, kuma haka take ɗaukarsa. Ban haƙuri kuwa a yi shi da Hausa. "Sori" da ake jefawa ana duba waya ba ta biyan bashin da "na yi kuskure, ki yi haƙuri, ki yafe mini" take biya.

Game da "ka ba ni kunya", ina zaton a makon nan shiru ka yi, wataƙila har da ƙin cin abinci, irin fushinmu na maza. Ita kuma mai yiwuwa ba ta san abin da ta taɓa ba. Gaya mata. Ka ce, "Maganar nan ta yi mini zafi fiye da yadda kike zato, ji na yi kamar ba ni da sauran daraja a idonki." Faɗin sunan abin da ake ji yana rage masa ƙarfi. A 2007 Matthew Lieberman na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yana nuna musu fuskokin masu fushi da masu tsoro. Duk lokacin da suka zaɓi kalmar da ta dace da halin da fuskar ke ciki, sai aikin amigdala ya ragu, wato ɗan sashen da ke tashi in mutum ya hangi barazana. Kuma kada ka tsaya a kan "raina ya ɓaci" kawai. Ɓacin rai ne, ko kunya, ko jin an raina ka, ko tsoron cewa gaskiya ta faɗa? Maganin kowanne daban ne, kuma sai ka kira shi da sunansa ita ma za ta san abin da za ta gyara.

Batun yara

A nan akwai abin da ke damuna ƙwarai, don ina ganin sa a gidajen 'yan boko a Abuja da Kaduna da Legas, har da na 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka. Wasa da Turanci, aikin makaranta da Turanci, yabo da Turanci, "zo in rungume ka" da Turanci. Amma yaro ya fasa kofi, sai Hausa ta fito da ƙarfinta: "Kai! Wane irin shashasha ne kai? Zo nan!" Iyayen ba da gangan suke yi ba, fushi ne ke mayar da su harshensu na farko. To amma duba abin da yaron yake koya. Ta hanyar da kai ka koyi nauyin kalmomi, ta nan shi ma yake koya, kuma abin da ake haɗa masa da Hausa shi ne tsawa. Bayan shekaru sai iyaye su zo suna kukan yaro ba ya son Hausa, in an yi masa sai ya amsa da Turanci.

Ba cewa nake ku daina yi musu Turanci ba. Harshe biyu ba sa rikita yaro, ba sa jinkirta masa magana, kuma gaurayawar da yake yi yana ƙarami ba ciwo ba ce. Abin da nake roƙo shi ne ku ba Hausa rabonta na daɗi. A yi rarrashi da ita, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ita kafin barci, a sa musu albarka da ita in za su fita makaranta. In an yi hutu a kai su gida su sha wasan jika da kaka, kakar ta kira jikanta mijinta, ta tsokane shi ya rama. Yaron da ya yi dariya da Hausa zai riƙe ta. Akwai kuma dalilin da ba a cika tunawa da shi ba sai an tsufa: masu ciwon mantuwa na tsufa sau da yawa harshen da suka koya daga baya ne yake fara zubewa, su koma na ƙuruciya. Ranar da hakan ta faru ga ɗayanku, Allah ya kiyaye, za ku so a ce 'ya'yanku suna iya zama su yi muku hira da harshen da ya rage.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Binciken da na kawo maka an yi su ne a kan Turkawa da Sifaniyawa da Rashawa da makamantansu, da yawa kuma ɗaliban jami'a ne a Turai da Amurka. Abin da na faɗa game da Hausawa daga zama da mutane na samo shi, ba daga na'ura ba. Kuma sakamakon bincike matsakaicin jama'a yake nunawa, ba kowane mutum ba. Ka tuna kashi ɗaya cikin huɗun nan da suka ce maganar so ta fi yi musu nauyi a harshen da suka koya daga baya. Wanda ya yi soyayya da aure da jinya da makoki cikin Turanci shekara da shekaru, Turancin yana yin nauyi a ransa, tazarar kuma tana raguwa gwargwadon ƙwarewa da yawan amfani. Sannan ɓangare ɗaya na ji. Mai yiwuwa ƙorafin uwargida a kan harshe ƙofa ce kawai ta shiga wata magana, kamar lokacin da kake ba ta ko yadda kake sauraronta, kuma wannan ita kaɗai za ta iya gaya maka in ka tambaye ta cikin natsuwa.

Mako guda na jin zafin magana ba ciwo ba ne. Amma in ka ga irin wannan yana kai ka mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar abin da ka saba jin daɗinsa, ko tunanin cewa rayuwarka ba ta da amfani, to maganar ta wuce ta harshe, ka ga likita. Manyan asibitocin Abuja suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitoci na musamman a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau. In da hali ka nemi wanda yake jin Hausa, ko da da Turanci za ku fara. In kuwa sai an sa tafinta, kada ya zama ɗanka ko ƙaninka ko wani na gida, don a gabansu rabin abin da ya kai ka ba zai fito ba.